Fuskokin da Hannuna Ya Cuta

Tambuwal, ranar Talata.

Zuwa ga ɗiyata Dije,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, da fatan takardar nan ta iske ki lafiya, ke da Kawunki Sani da iyalinshi baki ɗaya. Allah shi tsare mini ke a garin da ban taɓa takawa ba, shi kare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, shi sa malamanki su ji tausayinki, shi buɗa miki kai ga abin da kika tafi nema.

Yau kwana goma sha ɗaya da na tsaya tasha ina kallon motar da ta ɗauke ki zuwa Kaduna har ta ɓace mini. Har yanzu in na zo auna tsabar tuwo, da ke nika aunawa, sai na zuba a turmi sannan in tuna. Babanki ya lura. Sai dai ya daure ya cinye rabonki don kada in ga saura a kwano.

Shekaranjiya kin ce mini a waya an fara koya muku tausar fuska, wai a kan wani kan roba kuke gwadawa kafin a ba ku mutum. Na yi dariya, amma da na aje wayar sai dariyar ta ɗauke. Kan roba ba ya jin zafi, Dije, ba ya kuma komawa gida ya duba madubi ya yi kuka. Ke kin tashi kin iske ana cewa duk Tambuwal babu mai hannun Hauwa mai gyaran jiki, kin ga ana zuwa ɗaukata da kabu-kabu daga ƙauyuka. Ba ki san fuskokin da hannun nan ya cuta kafin ya yi hankali ba, don kunya ta hana ni faɗa miki. Yanzu za ki ɗora hannu ga fuskokin mutane inda ba ni kusa, kunyar ba ta da sauran amfani. Shi ya sa na roƙi Babanki ya yago mini takardun nan daga littafinshi na makaranta.

Gwaggo Kulu, ƙanwar mahaifina, ita ta riƙe ni a Kebbe bayan rasuwar uwata. Ba ki yi wayo da ita ba. Ita ta koya mini dilka da halawa da haɗin kurkum, ita kuma ta fara ba ni fuskar mutum in taɓa, ina da shekara goma sha biyat. Wata maƙwabciyarmu ce, Ige, mai jego, ana gobe suna. A lokacin ina da zoben azurfa na uwata wanda ba na rabuwa da shi ko wurin wanka, gefenshi ya ɗan ci har ya yi kaifi. Gwaggo ta ce in cire. Na ce to, ta juya baya zuwa madafi, na bar shi. Ina jan hannu daga kunci zuwa kunne sai Ige ta zabura.

"Wayyo! Ke Hauwa, mi ke hannunki haka?"

Na duba na ga jan layi tun daga gefen hanci har kusa da kunne, jini na tsattsafowa. Da shi ta yi sunanta, kowa ya zo barka sai ya tambaya.

Na ɗauka Gwaggo za ta doke ni. Sai ta ɗauko zare mai kauri, ta zare zoben daga yatsana, ta zura shi ta ɗaura mini a wuya. Ta ce, "Ga uwarki nan, babu mai raba ku. Amma in za ki aiki, hannu ya zo babu komai."

To, Dije, kafin ki taɓa kowa ki cire zobe da warwaro da agogo. Ki yanke akaifa ki goge bakinta, ki gwada a bayan hannunki ki ji ko tana karta. Ki wanke hannu da sabulu a gaban matar, ta gani da idonta. Ranar da kika yanka attarugu kada ki yarda da wanki ɗaya. Wayar nan taki da ba ta barin hannunki, ki jefa ta jaka har ki gama, in kuwa kin taɓa ta ki sake wanki. Kowace mace da nata tawul wankakke. Na taɓa yin ganda na share fuskar 'yan gida ɗaya su uku da tawul guda, makeron da ke goshin ƙaramar ya bi su duka, uwarsu ta yi shekara ba ta amsa gaisuwata.

Bayan abin Ige, Gwaggo ta hana ni fuskar kowa wata biyu. Ta ce hannuna na surfe ne. Kullum da hantsi sai ta shimfiɗa tabarma ƙarƙashin tsamiyar gidanmu, ta kwantar da ni, ta ɗora kaina a cinyarta. Ta murza man kaɗanya a tafinta har ya yi ɗumi, sannan ta aje hannuwan biyu ga kumatuna ta bar su haka ba motsi, wai fuska ta san baƙonta. Daga nan ta fara daga haɓa ta bi muƙamuƙi zuwa kunne, daga gefen baki ta hau kunci, daga tsakiyar goshi ta raba zuwa gefe biyu. Kullum sama take yi da waje, ba ta taɓa jan fata ƙasa. In ta zo kewayen ido sai ta koma ga yatsan da ke bin ƙarami, don shi ne marar ƙarfi, ta bi ƙashin da ke kewaye da idon ba tare da ta danna ƙwayar ba. Kuma tun da ta fara har ta gama ba ta ɗauke hannu biyu lokaci guda. In ɗaya ya tafi ƙara mai, ɗaya na nan. Tana yi tana cewa, "A sannu, Hauwa, a sannu. Fatar nan ta fi ɓawon tumatur taushi." Na san malamanki suna da sunayen Turanci na kowane motsi, ki riƙe su da kyau. Amma in kin ga fata tana bin yatsanki tana tattarewa, mai ya yi kaɗan. In kin ga ta yi jawur, ke ce kika yi yawa. Har yau in na ji ƙamshin man kaɗanya ya ɗumama, tsamiyar nan nika gani, da kukan kurciyoyin da ke kanta.

Kuskure na biyu ya faru bayan na yi aure na dawo Tambuwal, sunana ya fara fita, kaina ya fara girma. Malama Saratu, wadda suke koyarwa makaranta ɗaya da Babanki, babbar mace ce mai jiki, ta zo gyaran fuska za ta bikin ɗanta. Ina cikin yi ta ce wuyanta ya riƙe, in ɗan taimaka mata. Don in nuna gwaninta sai na sa manyan yatsuna biyu a gefen wuyanta, nan ƙasan muƙamuƙi inda jijiya ke harbawa, na danna dama da hagu lokaci guda ina murzawa. Tana cikin ba ni labarin lefe sai na ji maganar ta tsaya. Na leƙa, na ga idonta ya juye, jikinta ya saki.

Na kira sunanta, shiru. Na fita tsakar gida ba ɗankwali ina salati. Allah ya taimake ni maƙwabciyarmu ma'aikaciyar asibiti tana gida. Kafin ta shigo Malama ta buɗe ido tana tambayar ina take. Da ta ji abin da na yi, ma'aikaciyar ta ja ni gefe ta ce, "Hauwa, nan wurin hanyar jinin da ke zuwa kai ce. Ba a danna ta ko a mai lafiya, balle wagga da ke shan maganin hawan jini. Kin tambaye ta ko tana da wani ciwo?"

Ban tambaya ba. Ban ma san ana tambaya ba.

Malama Saratu ba ta faɗa wa kowa ba, Allah shi saka mata. Ki bar gefen wuya da maƙogwaro, Dije. In aiki ya kai ki can, shafa ce kawai mai sauƙi, ba danna ba. Kuma kafin mace ta kwanta ki zaunar da ita ki yi mata tambayoyi: ko tana da hawan jini ko ciwon suga, ko tana da ciki, wane magani take sha, ko akwai man da ke sa ta borin jini. Kada ki ji nauyin shekarunta. Ki ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, haka aikin yake," sannan ki tambaya.

Wannan jin nauyi shi ya kai ni ga wadda har yau ba na son tunawa. Wata amarya ce daga Fakku, Luba, uwarta ta kawo ta saura kwana biyat biki. Tana cire hijabi na gane. Fuskar fara sol, gaɓoɓin yatsu baƙi, ga jijiyoyi kore-kore suna nunawa a kunci. Man bilicin ne, kuma ta daɗe tana shafawa, fatar ta yi siriri. Na buɗe baki zan tambaya, sai na ga uwar zaune bakin ƙofa tana murmushi tana cewa, "Ai hasken gidanmu ne, haka kakarta take." Yarinyar ta sunkuyar da kai. Na ce a raina, in na tambaya na tona ta gaban uwarta. Sai na yi shiru, na yi mata abin da nika yi wa kowa. Na sa tawul mai zafi, na cire gashin gefen fuska da halawa, na bi da dilka, na murza sosai, duk a zama ɗaya. Ta ce mini, "Inna, yana zafi." Na ce, "Haka yake, daure, kyau za ki yi."

Washegari sunka dawo. Kuncin hagu ya saluɓe kamar wuta ta lashe shi, yana ruwa. Uwar ba ta zage ni ba, ta tsaya kawai tana cewa, "Hauwa, dube ta. Hauwa, dube ta." Na raka su asibiti. An yi bikin tana lulluɓe, ko hoto ba a ɗauke ta ba.

Bara na gamu da Luba a kasuwa, da goyo da wani a hannu. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta tambayi lafiyarki. Tabon yana nan, baƙi, faɗin tafin jariri. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na dawo gida ban sayi abin da ya kai ni ba.

Abin da ya kamata in yi ba shi da wuya. In ce wa uwar ta ɗan ba mu wuri, in tambayi yarinyar mu biyu, in rufa mata asiri. Ke ki yi haka. Fatar da bilicin ya ci ba ta ɗaukar zafi, ba ta ɗaukar murza. Fatar da anka cire wa gashi yau, a bar ta ta huta, kada a bi ta da tausa. Duk sabon haɗi, ko naku na kwalba ko namu na gida, ki ɗiga kaɗan bayan kunne, ta je ta kwana ta dawo ki gani. Tawul mai zafi ki fara aza shi a cikin damtsenki. Inda ƙuraje sunka nuna ko fata ta fashe, ki kewaye wurin, kada ki matse, kada ki bi ta kai ki kwashi ƙazantar ki raba wa sauran fuskar. In mace ta ce yana zafi, ki ɗauke hannu nan take. Ita ke cikin fatar. Za a matsa miki, a ce biki ya ƙarato, a ce wata ta yi musu ba abin da ya faru. Ki ce ba za ki yi ba. Su tafi suna jin haushinki da fuskarsu lafiya.

Saura ɗaya. Na aje alƙalami sau biyu kafin in iya fara ta.

Kina wata bakwai a bayana anka aiko daga Kebbe cewa Gwaggo Kulu ta tashi da safe bakinta ya karkace. Na ɗauki man shanu da man kaɗanya na hau mota, har da ɗan farin ciki a raina, wai yau zan rama mata abin da ta koya mini. Na iske ta kwance a ɗakinta, gefen bakin hagu ya zube, miyau na bi, magana ta yi nauyi. Matan gida sunka ce iska ce ta buge ta a hanyar rijiya. Na yarda, don abin da nika so in ji ke nan. Na miƙa mata moɗar ruwa, ta karɓa da hagu, moɗar ta faɗi. Na gani da idona, na ce gajiya ce.

Na ɗora kanta a cinyata yadda take ɗora nawa. Safe da yamma ina tausa, ina tura kuncin sama, ina cewa, "Gwaggo, kin ga ya fara komawa." Bai fara ba. Ita kuwa ta kafe ni da ido tana ta ƙoƙarin magana, abin da ke fita kawai, "As... as..." Na ce, "Na sani, Gwaggo, a sannu. A sannu nika yi." Sai hawaye ya gangaro mata. Na share, na ci gaba.

Rana ta fuɗu Babanki ya biyo mu a kan babur. Ya tsaya bakin ƙofa ya gaishe ta, ya dubi hannun da ke kwance kamar ba nata ba. Bai ko zauna ba ya ce, "Hauwa, ɗauko mayafinta. Zan nemo mota."

Na ce, "Malam, ka bari in cika kwana bakwai, na ga alamar sauƙi."

Ya ce, "Ɗauko mayafinta."

Munka kai ta babban asibiti a Birni. Likitar mace ce, ba ta girme ki da yawa ba yanzu. Ta tambaya tun yaushe, na ce kwana fuɗu. Ta ce mi munka yi mata, na ce tausa. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce ciwon ba a fuska yake ba, a cikin kai yake, hawan jini ne ya taɓa jijiya, fuskar nuna shi kawai ta yi. Ta ce irin wannan ranar da ya faru ake son a gan shi, amma komai na Allah ne.

Gwaggo ta yi shekara biyu a gidanmu, a ɗakin da ya zama naki. Hannun bai dawo ba, maganar ta dawo kaɗan. Wata rana ina ba ta kunu na yi ƙarfin hali na ce, "Gwaggo, a Kebbe, da kike ta cewa as, as, mi kike son faɗi?"

Ta daɗe tana haɗa bakinta. Sannan ta ce, "Asibiti."

Ta ga yadda na yi, sai ta ɗaga hannun dama mai lafiya ta shafa kuncina, daga haɓa zuwa kunne, sau ɗaya. Ba ta sake tada maganar ba har ta koma ga Allah.

Ban sani ba ko da na kai ta ranar farko da ta tashi. Babanki ya ce in bar wannan tambaya, na kasa. Abin da na sani, son da nika yi mata da yardar da na yi da hannuna su sunka cinye mata kwana uku. Dije, ki san inda hannunki ya tsaya. Baki ya karkace, ko gefen fuska ya mutu ba a jin taɓi, ko kumburi ya tashi gefe ɗaya, ko kin ji ƙullutu ƙarƙashin fata, ko wani baƙin tabo yana girma yana sake kama, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ko ido ya yi ja yana kwantsa: duk wannan ba naki ba ne. Ki rufe kwalbar manki ki ce a tafi asibiti yau, in ta kama ki raka ta. Takardar da za su ba ki ta gyaran jiki ce, ba ta likita ba. Kuma ki fi jin tsoron kanki ranar da wadda ke kwance taki ce, don ranar ne ido ke ƙin ganin abin da ke gabanshi.

Takardar ta kusa ƙarewa, ga abin da nika roƙo. In an ba ku hutu kada ki wahalar da kanki da tsaraba. Ki zo da hannunki kawai. Na yi shekaru ina riƙe fuskokin ɗiyan mutane, taki kuwa rabona da ita tun kina ƙarama ina shafa miki mai bayan wanka kina zillewa. Kin girma a gabana ina ta cewa gobe, har mota ta zo. Ni ma tawa fuskar ta daɗe ba wanda ya taɓa ta sai ruwan alwala. Zan shimfiɗa tabarma a rumfa, amma kafin in kwanta ki zaunar da ni tukuna ki yi mini tambayoyin nan duka kamar ba ki san ni ba, sannan ki yi mini yadda anka koya muku. Zan rufe ido, ba zan gyara miki komai ba. In kin gama ki kwanta, ki ba ni kanki a cinyata.

Babanki yana gaishe ki, ya ce ki riƙe salla a kan lokaci. Ki gaishe mini da Kawunki da matarshi, ki yi musu biyayya. Allah shi tsare fitarki da shigarki, shi tsare ki a mota da a ƙasa, shi sa albarka a yatsunki goma, kada shi sa a yi kuka ta dalilinki. Allah shi jiƙan Gwaggo Kulu, shi yafe mini. Allah shi maido mini ke lafiya, ina da rai. Amin.

Wassalam.

Innarki,
Hauwa.